Agogon Mai Jirgin Feshi

Shekarar da fara ta sauko mana a ƙauyenmu, arewa da Barmu, hatsi ya soma ido. Maigidana yana Abijan neman abin rufin asiri, ni da yara muka noma gonar. In fara ta cinye ta, ban san abin da zan zuba a tukunya ba.

Malamin gona ya zo daga Tawa da wani dogon mutum, Kirista ɗan kudu, matuƙin jirgin feshi. Matuƙin ya ce jirginsa tsoho ne, har yaƙi ya yi a wata ƙasa kafin a ɗaura masa tankin magani. Man da aka ba shi kaɗan ne, ba zai yi ta kewaye yana neman gonakinmu ba. Sai dai mu kunna kara mu tayar da hayaƙi a kusurwoyinsu daidai isowarsa. In mun yi gaggawa, karan ya cinye bai zo ba. In mun makara, ya wuce.

"Wa ya iya agogo a nan?" in ji shi.

Sai maƙwabciyata ta tunkuɗo ni gaba. "Ga 'yar yaƙi da jahilci. Kullum tana gindin itace da alli, yau ma gani!"

Ya kwance agogon hannunsa ya miƙo mini. Nauyi gare shi, fuskarsa cike da lambobi, ga wani zobe mai juyawa a bakinsa. Na karanta masa lambobin. Ya juya zoben ya tsayar da alama.

"Inna, gobe da safe, in gajeren hannu yana nan, dogon ya taɓa alamar ga, ki sa a kunna."

"Kai fa, ɗana?"

"Akwai wani a jikin jirgin."

Agogon ya yi wa wuyan hannuna yawa, sai a damtse na ɗaura shi.

Da gari ya waye muka rufe rijiya, muka kora dabbobi nesa, aka tsare yara a gida. Mata suka watsu kusurwoyi da garwashi a kasko, ni ina kan tudu. Rana ta ɗaga, sama shiru.

"Madam mai agogo, mi muke jira?" maƙwabciyata ke ƙwala mini kira. "Inuwa ta gaya muna lokaci ya wuce!"

Na dubi agogon, na ce a dakata. Da dogon hannun ya hau alamar, na ɗaga farin gyalena. Hayaƙi ya miƙe ta ko'ina. Bai gama miƙewa ba muka jiyo rugugi, sai ga jirgin ƙasa-ƙasa, ya karkata fiffike bisa kaina.

Fara ta riga ta ci gefen gabas, amma saura ya kai girbi, rumbuna ya ga hatsi. Malamin gona ne ya mayar da agogon. Da kaka na aika wa mai jirgin dami guda daga hatsin da ya tsira. Ya aiko a gaya wa Inna, duk inda ya yi feshi a damanar nan, hayaƙinta ne bai sa shi jira ba.