Taimamar Ƙanena

Ni ce babba a gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, kuma tun ina yarinya aka san ni da kaifin baki. Ƙanena kuwa sanyi gare shi, ko akuya ba ya iya kora da tsawa. Shi ya sa da ya shiga soja a shekarun sittin, lokacin da ake yaƙi can kudu wajen iyakar Yaman, muka yi ta dariya. Tuƙi suka ba shi.

Da ya zo hutun farko, muna cin abinci a tsakar gida ya ba mu labarin aikinsa. Ya ce jirage kan zubo guba a hamada, motarsu ce ke shiga gaba ta duba. A rufe suke zama ciki, fuska cikin roba, hannu cikin safa. Ta wata 'yar kafa suke zura sanda mai takarda a baki su dangwala a yashi. In takardar ta sauya launi sai su kafa tuta, kada kowa ya bi ta nan.

"Salla fa?" na ce.

"Sauka mamnu ne, Yaya, an hana. Moya ma, wato ruwa, ta sha ce kawai. In mun koma sansani sai mu rama."

"Ramuwa? Kai da aka haifa ana jin kiran sallar Harami? To babu ruwa, ƙasar ma babu? Duk yashin da ke can bai ishe ka taimama ba?"

Innarmu ta ce in rabu da shi, ban rabu ba. Har ya gama hutunsa "mai ramuwa" nake kiransa, yana murmushi yana sunkuyar da kai. Gaskiya ba don Allah kaɗai na yi ba. Ina jin daɗin a ga na fi wani sani.

Bayan 'yan watanni aka kawo mana shi, fuska da hannuwa duk a naɗe. Abokin aikinsa da ya rako shi ne ya faɗa mana yadda aka yi. Sun duba wani kwari, takarda ta sauya, suka kafa tuta suka yi gaba. La'asar ta kusa fita. Ƙanena ya tsayar da mota inda yashi ke fari tas, ya ce nan kam da tsabta. Ya sauka, ya tuɓe safa da robar, ya buga tafukansa a ƙasa, ya shafi fuskarsa da hannuwansa, ya yi sallarsa. Ɗan warin tafarnuwa kawai suka ji. Sai bayan sun koma sansani fatarsa ta fara bororo, idanunsa suka kumbura suka rufe.

Fatar ta warke da tabo. Idanun ba su dawo ba.

Ni na riƙa zuba masa ruwan alwala daga nan, don lalube yana sa ya kifar da buta. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma kunya da baƙin ciki suka hana ni. Wata rana dai, ina tsugune ina zuba masa, na daure.

"Ka yafe mini," na ce. "Bakina ne ya ja maka."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ruwa na ɗiga daga gemunsa, da murmushin nan nasa.

"Haba Yaya. Ai ranar ban yi ramuwa ba. A kan lokaci na yi ta."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na yi ta tsiyaya ruwan a hannuwansa har butar ta ƙare.