Warin Man da Na Toshe wa Hanci

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Jega Sabon Gari, shekaruna sun kusa arba'in, kuma ni ne babba a gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu. Abin da ya bar mana mai tsoka shi ne tsohuwar motarsa mai dogon baya. Ƙanena ne ke tuƙa ta, yana ɗaukar fasinja da buhunan albasa tsakanin Aliero da Jega da Maiyama, da ita muke ciyar da mahaifiyarmu Inna da iyalanmu biyu. Mutum ne mai barkwanci, amma bai taɓa tsallake maganata ba. Ko na faɗi abin da bai gamsu da shi ba, sai ya yi dariya ya ce Yaya ya gama magana. Wannan biyayyar tasa ita ta fi komai ci mini rai yau.

Ana gab da kwasar albasa injin motar ya buga. Muka haɗa abin da muke da shi muka sayo injin Beljiyam, wato na hannu daga Turai, wanda ya zo da injekta, sabon tsarin shayar da inji mai, alhali motarmu ta kafireta ce, tsohon tsari, tun asali. Muka kai wa wani dattijon bakanike da ya daɗe yana yi wa mahaifinmu aiki. Ya duba, ya ce hanya biyu ce. Ko ya cire injektar ya mayar da kafireta, ko a bar ta amma a sauya duk hanyar mai tun daga tanki, domin famfon injekta da ƙarfi yake turo mai, tsohon tiyo ba zai iya riƙe shi ba. Ya ce kuma dole a haɗa wayar famfon ta yadda in inji ya mutu shi ma zai mutu, kuma kayan sai an aika Sakkwato, mu ba shi mako biyu. Ni kuwa tsadar mai ta sa na kafe a kan injekta, mako biyu kuma na ga kamar kaka za ta wuce mu. Na ce masa zamani ya bar shi a baya. Bai yi fushi ba, ya goge hannunsa kawai, ya ce shi ba zai ɗaura wa ɗan amininsa abin da zai hana shi barci ba, in kai wani wuri.

Na kai wani garejin da aka ce kwana uku suke gama irin wannan aiki. Suka gama kuwa. Ina tsaye aka mayar da tsohon tiyon, aka ɗaure bakinsa da waya. Mai haɗa wuta ya kasa gane wayoyin sabon injin, sai ya jawo wa famfon mai waya kai tsaye daga batir, ya sa masa ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari. Ya ce a kunna shi kafin a tayar da mota, a kashe shi bayan an tsaya, haka kowa ke yi. Da injin ya tashi lafiya lau, na ji kamar na ci gasa.

Tun makon farko wari ya fara. Ƙanena ya ce mini motar ta koma gidan mai, har wani mahauci a tashar Aliero ya tsokane shi cewa kada ya kuskura ya tsaya kusa da tukubarsa. Ya faɗa yana dariya, amma ya ƙara da cewa ko mu koma wurin dattijon nan. Kunya ta hana ni. Na ce ya shafa sabulu a inda ke tsattsafowa kamar yadda direbobi ke yi wa tanki, in kaka ta wuce sai a gyara gaba ɗaya. Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Ina cikin aji ina rubutu a allo, in wayata ta yi ƙara sai alli ya faɗi daga hannuna. Kullum da safe kafin ya fito nakan leƙa ƙarƙashin motar, in ga ƙasa ta jiƙe kamar faɗin tafin hannu, in tura rairayi da ƙafa in rufe. Wata rana Inna tana ninke rigar ƙanena ta tambaye ni me ya sa kayansa ke warin fetur haka. Na ce mata haka sabon inji yake yi kafin ya zauna.

A mako na huɗu, wata Laraba bayan azahar, ƙanena ya ɗauko fasinja daga garin Andarai zai kai su Maiyama. Waɗanda ke cikin motar ne suka ba ni labari daga baya. Tiyon ya fashe, mai ya fesu a kan inji mai zafi, wuta ta tashi daga ƙarƙashin bonet. Ya tsaya, ya kashe mota, ya zare makulli, ya fitar da kowa, har da wata tsohuwa da ya ɗauko a hannu. Amma wutar sai ƙaruwa take, domin famfon bai mutu ba, yana ta turo mai. Sai ya tuna da makunnin. Mutane suna riƙe shi ya fizge, ya ce motar Baba ce, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari. Rigarsa ta riga ta sha mai, nan take wuta ta kama shi.

Kwana biyar ya yi a asibiti kafin ya rasu. Sau ɗaya ya iya yi mini doguwar magana, ya tambaya ko tsohuwar nan ta isa gida lafiya, sannan ya ce kada in damu, shi ne ya yi gangancin komawa. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Dattijon bakaniken ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni, ya yi addu'a ya tashi, bai ambaci mota ba ko da kalma ɗaya.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na yarda da ƙaddara. Amma na san abin da hancina ya shaƙa har mako huɗu, na kuma san wanda ya ce a jira. Shi ya sa nake roƙon duk mai shirin sauya wa tsohuwar mota inji: in za ka bar injekta, ka sauya hanyar mai dukkanta, kada ka yarda a haɗa famfo kai tsaye, kuma in mai sana'a ya ce ka jira, ka jira. In ka ji warin mai, ajiye motar a ranar, ko da buhu ɗari ke jiranka a garin Danwarai. Ku kuma manya a gida, ku ji tsoron ƙanin da ba ya yi muku musu, domin duk abin da kuka ce, da jikinsa zai ɗauka.

Inna har yau tana sa mini albarka, tana cewa na riƙe marayun ɗan'uwana da amana. Shekara biyu ke nan ina neman bakin da zan gaya mata gaskiya, ban samu ba. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni.