Dodon Kakana Mai Harara-Garke

Ko yau in na bi ta gaban masu fentin mota, warin nan mai hawa kai ya bugi hancina, sai in rage tafiya. Wasu toshe hanci suke yi. Ni kuwa unguwarmu ta Kakuri yake mayar da ni, shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ina 'yar firamare.

Kakana a masaƙa ya yi aiki, wajen haɗa launin atamfa. Da ya yi ritaya hannunsa ya ƙi zama. In damina ta ja baya sai ya ɗebo yumɓu a bakin kogi, ya zauna gindin mangwaron ƙofar gida yana ƙera mayaƙa, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Akwai maharba masu fikafikai, da barade a kan kuraye, da wata sarauniya mai wutsiyar kifi. Ya gasa su a tokar murhu, sannan ya yi musu ado da ragowar fentin da maƙwabcinmu mai gareji yake tara masa a gwangwanin tumatir. Burushinsa gashin jelar akuya ne, ɗaure a tsinken tsintsiya.

Inna, matar Kaka, ta ce ba za a ajiye mata mutum-mutumi a ɗaki ba, kuma ba wanda ya ja da ita. Shi ya sa rundunar take kwana a gareji. Mai garejin Ibo ne, ƙato mai dariya kamar tsawa, kuma Kaka ne ya ƙera masa tasa rundunar. Ranar Lahadi, in ya taso daga coci Kaka kuma ya yi la'asar, sai su ɗora tsohon ƙyaure a kan durom biyu, su tara yashi ya zama tsauni, su shimfiɗa shuɗiyar leda ta zama kogi. Ƙwayar ludo ce alƙali. Dokarsu mai tsauri ɗaya ce: wanda ba a gama masa fenti ba, ba ya shiga fage. Mu yara kallo ne namu, ba taɓawa.

A shekarar nan Kaka ya ƙera dodo, kore shar, da haƙoran ƙayar kifi, ya ci alwashin da shi zai ƙwato tsaunin da mai gareji ya daɗe yana riƙe da shi. Komai ya kammala sai idanu. Wata safiya na kai masa kunu na tarar hannunsa yana rawa. Ya ɗiga baƙi ya goge, ya sake ɗigawa ya goge, har fuskar ta dagule. Sai ya ajiye burushin, ya ce shi ya gama wasan yara. Ranar Lahadi mai gareji ya shirya fage ya yi ta jira, Kaka yana ɗaki da rediyo yana sauraron 'yan majalisa. Gidan ya yi mini faɗi.

Da na ga wata Lahadin na ƙaratowa, na yi ta maza na tambayi Kaka ko zan gwada yi wa dodon idanu.

"Amarya," in ji shi, don haka yake tsokanata, "in kika ɓata mini dodo, na sake ki."

Ya nuna mini yadda zan kafa gwiwar hannu a cinya, in riƙe numfashi, in taɓa sau ɗaya kawai. Na yi yadda ya ce. Da na ɗago, ido ɗaya yana kallon gabas, ɗayan yana duban hanyar Kudenda. Na haɗa ƙwalla ina jiran faɗa. Kaka ya kai dodon kusa da fuskarsa, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar wasa mai gareji ya ƙi yarda. "Baba, wannan ba adalci ba ne. Wa yake harara, ni ko kai?" Kaka ya dage cewa mai kallon gefe biyu, gefe biyu zai kai wa sara. Da musu ya yi tsawo, mai gareji ya ce ai yanzu zamanin ƙuri'a ne, a tambayi yara. Duk muka ɗaga hannu wa dodo, har da 'ya'yansa. Amma ƙwaya ba ta san ƙuri'a ba. Dodon bai kai tsauni ba, a kogin leda ya faɗi. Kaka ya dawo gida yana lissafin yadda zai rama, kuma daga ranar shi ke fentin jiki, ni ke ɗiga idanu.

Yanzu injinan masaƙar sun yi shiru, mun daɗe da ƙaura zuwa hayin kogi, Kaka kuma yana makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Ɗana a waya yake yaƙinsa, da mayaƙan da suka zo da fentinsu, ba wanda ya san hannun da ya yi su. Kwanan baya da muka daɗe ba wuta, wayar ta mutu, na samo masa yumɓu. Ya wuni a kai, ya kawo mini abin da ya ce doki ne. Da ɗan akuya ya fi kama. Ya tambaye ni a kunyace ko irin wannan zai iya zuwa yaƙi. Na ce ya je ya yi masa mahayi.