Yaya Adisa da karen da ya tsani batakari

Duk wanda ya zauna a unguwar Zogbeli a zamaninmu ya san Yaya Adisa ba ta gaida mutum sai ta gama da dabbarsa. In ta shiga gidanka, za ta tsuguna gaban kyanwarka ta tambaye ta kwana, ta duba kunnenta, sannan ta ɗago ta ce, "Au, kai ma kana nan?" Ni ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ma haka take min.

Sana'arta sayar da busasshen kifi, magana ɗaya kuwa take maimaitawa: dabba ba ta lalacewa, mai ita ne ba ya jin magana. Duka ba ya cikin tsarinta. Kyanwarta, Lami, ta addabe ta da satar kifi a tire. Sai ta fara ciyar da ita tun kafin ta fito da kaya, in ta haura tire ta yayyafa mata ruwa, in ta zauna a gefe ta jefa mata kan kifi. Lami ta daina. Ba a jima ba maƙwabciyarmu Mma Sanatu ta shigo tana huci, wai kyanwar ta kwashe mata nama a tukunya.

"Na koya mata barin nawa," in ji Yaya. "Naki kuwa ke za ki koya mata. Zauna in nuna miki."

Amma labarin da har yau ban manta ba shi ne na wani kare, Jak. Shekarar da muka samu 'yancin kai, wani Bature da ke aikin hanya ya koma ƙasarsu ya bar karensa a hannun kukunsa. Ƙaton kare ne baƙi. In ya ga mai wando da kwat sai ya kaɗa wutsiya, in ya ga mai batakari, rigarmu ta saƙi, sai ya haukace. Ga shi lokacin kowa batakari yake sawa, har manyan gwamnati. Ya yaga rigar wani manomi daga Sagnarigu, ya kori mai unguwa har cikin kwata. Sajen 'yan sanda ya ce za a harbe shi.

Yaya ta je ta tsaya gaban Saje. Ta roƙi a ba ta wata ɗaya.

Saje ya ce mata, "Mma, in ya ciji mutum fa?"

"To ka harbe shi, ni kuma ka kulle ni."

Ta ɗaure shi bayan katangarmu, da kwanonsa daban. Limamin unguwa ya zo ya ce, "Adisa, kare a gidan Musulmi?" Ta ce, "Malam, a bayan gida yake. Ina wanke hannuna yadda kuka koya mana. Amma ban taɓa jin kun ce a kashe shi don ya ƙi riga ba." Liman ya ce ta dai ƙara tsawon katangar.

Rigar da za ta yi aikin da ita kuwa tawa ce, sabuwa fil, wadda na ɗinka don zuwa gaisuwar surukai a Aboabo. Ta rataye ta nesa da kwanon Jak, kullum tana matso da ita kaɗan. Daga baya ita da kanta take zura ta, ta fito da tuwo da romon kifi. Ku yi tunanin Yaya, gajeriya, batakari har ƙasa, tana ce wa kare, "Zauna. Turancin ya tafi da mai shi, yanzu Hausa za ka ji." Ni kuma na je gidan surukai da tsohuwar riga, sai da uwar yarinyar ta tambaya ko lafiya.

Ranar da wa'adi ya cika, Saje ya zo da bindiga, unguwa ta taru a kan katanga. Yaya ta miƙo min rigar.

"Sa ka shiga."

"Yaya, ni? Aure fa zan yi."

"Ni ya saba da ni. Namiji ake so ya gani. Kada ka kalle shi cikin ido, kada ka gudu."

Ta kwance igiyar. Na shiga ina karanta duk addu'ar da na sani. Jak ya taso a guje. Na ji Saje ya ɗana bindiga. Karen ya iso, ya shinshina gefen rigar, ya zauna a gabana ya ɗaga kai yana jiran tuwo. Ni ma sai na zauna a ƙasa. Saje ya sauke bindiga ya share gumi, ya ce shi ma bai so harbin ba. Yaya ko kallona ba ta yi ba, ta shafa kan karen ta ce, "Sannu, ka sha wahala."

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta ga muna kuka sai ta ce mu fita waje, muna tsorata kaji. Muka fita muna dariya da hawaye, ba mu daɗe ba aka kira mu.

Allah, baiwarka ba ta taɓa ɗaga sanda a kan abin da ba ya iya magana ba. Ka yi mata sassauci kamar yadda ta yi musu, Ka haskaka kabarinta. Amin.