Ranar da Rakiya Ta Tsayar da Haƙa a Maje

Shekara ashirin da shida ke nan, a wannan damina, da rasuwar matata Rakiya. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye. Abin da ya zaunar da ni a wannan karon wani tsohon ɗalibina ne da ya zo gaishe ni makon jiya, yanzu zanen gidaje yake yi a Abuja. Ya buɗe kwamfutarsa zai nuna mini wani aiki, sai manhajar ta ƙi ɗora rufi a kan ɗaki ɗaya. Ya danna nan, ya danna can, ya ce na'urar ce ta fara tsufa. Ban san lokacin da na ce masa ya matso da kusurwar ɗakin ya duba ba. Ya duba, ashe bango biyu ne ba su haɗu ba. Ya kalle ni yana mamakin inda tsoho ya san wannan. Na ce masa ba sanina ba ne, na Rakiya ne.

A farkon shekarun casa'in ina koyar da zanen gini a wata makarantar koyon sana'a, muna zaune a ciki da falo na haya a unguwar Kwamba, cikin Suleja. Ita kuma buga takardu take yi a wani ofis a Abuja, ta bi motar safe ta dawo da la'asar. Lokacin Suleja cika take yi kullum. Duk wanda ya sami aiki a Abuja zaman can ya gagare shi, nan yake neman fuloti, kuma kowane fuloti yana bukatar zane. Idan na taso daga makaranta sai in kafa allon zanena a falo, da fensir da rula, ina jin babu wanda ya fi ni iya jan layi a unguwar.

Wata rana ta dawo a tasi da wani kaya naɗe cikin zani. Ofishinsu ne ya sauya na'urori, aka yi wa ma'aikata gwanjon tsofaffin. Ashe ta kusa shekara tana amfani da lokacin hutun rana tana koyon manhajar zanen gidaje wajen wata injiniya da ke ofishin. Ban yi murna ba, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata ni na yi shekara huɗu ina koyon wannan aiki, ba akwatin talabijin ne zai koya mini ba. Ta yi dariya, ta ce to ita za ta riƙa wasa da shi, ni in ci gaba da aiki.

Wasan nan kuwa ya sha wuya. Manhajar mutanen wata ƙasa ne suka yi ta don irin gidajensu. Ba ta san zaure ba, ba ta san tsakar gida ba. Duk inda ta ga bango huɗu sun kewaye wuri, ɗaki ne a wajenta, sai ta kifa masa kwano. Gidan farko da Rakiya ta zana ya fito kamar sito, babu inda rana za ta shiga. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita ta yi kwana uku tana bin jerin sunayen ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, har ta gano idan ta ce wa manhajar wurin baranda ce marar rufi, sai ta ƙyale shi a buɗe. Zaure kuwa ta sa masa sunan ɗakin jira, ta yi masa ƙofa biyu da ba sa kallon juna.

Duk matsalar da ta warware sai ta rubuta a bayan wata tsohuwar kalanda da ta juya ta rataye kusa da na'urar. Har yau ina iya kawo su da ka. Idan rufi ya ƙi hawa, a bi kusurwoyi, akwai bangon da bai taɓa ɗan'uwansa ba. Idan ƙofa ta fito kamar ta akurki, a duba ko an bar awo a kan inci alhali ana nufin ƙafa. Kada a gyara abu biyu lokaci ɗaya, don idan ya warware ba za a san wanne ne ya yi maganin ba. A adana aiki bayan kowane ɗaki, saboda masu wuta ba sa sallama kafin su ɗauke. A faifan kwamfuta biyu take ajiye kowane zane, ɗaya a cikin gwangwanin biskit, tun da laimar damina ta taɓa cinye mata aikin mako guda. Idan na'urar ta fara jan ƙafa kuwa, sai ta ɓoye kujeru da bishiyoyi da lambobin awo, ta bar bango kaɗai. Ta ce mini zanen kamar takardu shara-shara ne a jere, kana iya ɗaga wadda ba ka bukata, amma ka tuna ka mayar kafin a buga.

Abu na ƙarshe a kalandar shi na fi rainawa. A ƙasan kowane zane tana jan wani gajeren layi ta rubuta tsawonsa, in an bugo takarda ta ɗora rula a kai ta gani ko ya cika. Na ce mata ɓata lokaci ne.

Sannu a hankali dai na matso da kujera. Na ga idan mai gida ya ce a ƙara wa ɗaki ƙafa biyu, ni sai na sake takarda, ita kuwa kafin shayi ya huce ta gama. Haka muka zama mu biyu: ni ke karɓo aiki, don mutane da yawa a lokacin ba za su kawo wa mace zanen gida ba, ita ke zanawa, ni in sa hannu.

Sai aikin Kawu Sale ya zo. Wan mahaifiyata ne, manomin doya a Maje, nan kusa da Suleja, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ya yi shekaru yana buga bulo kaɗan-kaɗan bayan kowace kaka, yana so ya rushe ginin ƙasa ya yi na siminti. Na ce wannan ni zan zana da hannuna a kwamfuta, don in nuna wa Kawu karatuna bai tafi a banza ba. Rakiya ta bar mini kujerar. Da na'urar ta fara nauyi na ɓoye lambobin awo kamar yadda na ga tana yi. Na gama, na kai faifan wani shagon buga takardu a Abuja, na ce a cika mini takardar da kyau. Na miƙa wa birkilan Kawu kwafi ɗaya, na jefa ɗaya a kan tebur a gida. Birkilan da ya ga babu lambobi a ɗakunan ciki, sai ya sa rularsa ya auna daga takardar, ya kafa fegi ya ja igiya.

Ranar Asabar aka yi gayyar haƙa harsashi. Na tafi Maje tun da safe. Da hantsi, maza sun kai ashirin a cikin rami, mata suna dama kunu, sai na hango Rakiya ta sauko daga mota da takarda a naɗe a hannunta. Na ɗauka wani abu ne ya sami yaranmu. Ta ja ni gefe ta ce tana share tebur ta ga kwafin, ta ɗora rula a kan layin nan nata, wanda ya biyo ni daga wani tsohon zanenta da na fara nawa a kai, ta ga bai cika ba. Shagon ya matse zanen don ya shiga takarda, ni kuma ban mayar da lambobin ba. Na ce mata ta bari sai an tashi, ba zan tsayar da mutum ashirin a gaban Kawu ba. Ta ce in an tashi an riga an zuba kankare.

Rakiya mace ce mai tsananin kunyar surukai. Shekara tara da aurenmu ba ta taɓa haɗa ido da Kawu ba. Amma ta wuce ni, ta je gindin mangwaron da yake zaune, ta durƙusa ta gaishe shi, kanta a ƙasa.

"Baba, a yi mini afuwa. Akwai kuskure a takardarmu. In aka ci gaba a haka, ɗakunan za su matse."

Kawu ya dube ni, ya ce, "Malam, haka ne?"

Na ce a kawo tef. Ɗakin da na zana ƙafa goma sha biyu bai cika goma sha ɗaya ba. Lungun shiga cikin gida ko buhun doya a kan keke ba zai wuce ba. Na ce wa Kawu ba takardarmu ba ce, tawa ce, ni na yi kuskuren, ita ta gano. Kawu ya ɗaga murya ya ce wa masu haƙa su fito su sha kunu.

"A cire igiyar nan," in ji shi. "'Yata za ta faɗi awo, kai ka riƙe mata bakin tef."

Haka muka wuni, tana karanto lambobi daga takardar da ta zo da ita, inda ta rubuto awon gaskiya da biro, ina durƙushe a ƙasa ina riƙe da tef. A mota muna komawa ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Daga ranar dai na daina sa hannu ni kaɗai a kan zane.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Manhajar yanzu tana nuna maka gida kamar ka shiga, da labule da mota a ƙofa, kuma a waya ma ana yi. Na san da ta fi kowa murna, don ba ta taɓa tsoron sabon abu ba. Amma ina jin da ta bi ta Maje ta ga gonakin doya sun zama jerin gidaje iri ɗaya, babu zaure babu tsakar gida, da ta tambayi masu zanen ina mace za ta shanya hatsi, ina baƙo zai zauna kafin a yi masa iso. Kuma da ta ga yadda ake saurin ɗora wa na'ura laifi, da ta ja kujera ta ce a nuna mata abin da aka taɓa na ƙarshe.

Ciwon da ya ɗauke ta bai kai wata biyu ba. Bayan sadakar arba'in na buɗe gwangwanin biskit ɗin, na tarar da faifai mai sunanmu. Zanen gida ne a kan fulotin da muka saya a Garam, ta kai shi rabi. Na yi watanni kafin in iya ƙarasa shi, ina yi ina ɗaga kai ina duba kalanda. Da aka zo gini, birkila ya nuna mini tagar kicin, ya ce an yi kuskure, ta yi ƙasa da kusan ƙafa guda, bari ya gyara. Na koma na bi awon sau uku, ban ga kuskure ba. Sai da na tsaya a wurin na gane. Rakiya gajeriya ce, kuma duk gidan hayar da muka zauna sai ta yi ɗage kafin ta ga waje daga wurin girki. Daidai idonta ta auna.

Na ce ya bar ta yadda take. Na'urar ta daɗe da mutuwa, faifan ma babu abin da zai karanta su yanzu. Gidan ne ya rage, a ciki nake rubuta wannan. Ni dogo ne, kullum da safe idan zan ga ko hadari ya haɗo, sai na sunkuya. Allah Ya yalwata mata makwanci, Ya haskaka shi, Ya haɗa mu a gidan da ba ya bukatar gyara.