Liyarin Inna

Inna, mahaifiyata, tana da wani tsohon liyari, kuɗin nan na dā mai fuskar mace a gaba da tsuntsu a baya, da take ratayawa a wuya da baƙin zare. Baba ne ya ba ta shi suna sabon aure, lokacin yana leburan haƙar kuza a Bukuru. Bayan rasuwarsa sai Gwaggo, ƙanwarsa, ta sa kuɗin nan a gaba. Duk zuwanta gidanmu a Laranto sai ta ce, "Lebura ina ya ga azurfa? Kuza ce ya narka ya yaudare ki, Yaya." Inna takan yi dariya, amma ni na san abin yana cin ta. Shi ya sa ba ta taɓa yarda an gwada shi ba.

Ni kuwa ba ni da haƙurin Inna. Shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, ran nan Gwaggo ta sake maimaitawa a gaban masu kawo mini ɗinki. Na ture keken na ce, "Wallahi yau za a yi ta ta ƙare!" Na sa Inna ta yafa mayafi muka hau mota sai kasuwar Bukuru, wajen wani tsohon maƙerin azurfa. A hanya na fara da-na-sani. In fa kuza ce?

Tsohon ya kwance zaren, ya goga gefen kuɗin a baƙin dutse ya duba zanen. Ya ɗora shi a ɗan ma'auni, ya sa wani liyari a ɗaya gefen. Namu ya yi sama, bai kai wancan nauyi ba.  Sai ya ce mu yi shiru, ya sake shi a kan dutse. Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe ba ta mutu ba.

"Kuza ba ta kuka haka, Hajiya," in ji shi. "Azurfa ce ta gaske. Sai dai ya cinye. Fuskar matar ta shafe, tsuntsun baya ba fiffike, ga huda. Masu saye ba za su ba ki abin kirki ba. Wa ya murje shi haka?"

"Ni ce," in ji Inna. "Duk ranar da maigidana ya shiga rami, da babban yatsa nake murza shi har ya dawo."

Kai, na ji daɗi a ranar, har da ƙwalla. Na ce mu tashi mu je mu ba Gwaggo labari da zafinsa. Inna ta ce in bar Gwaggo ta huta. Ta tura wa tsohon kuɗin.

"Malam, don Allah ƙara sakinsa in ji."