Jumbon Yaya da bidiyon ɗan kokawa

Da na gama karatun ordinata, wato kwamfuta, a Damagaram, aikin da ya samu shi ne a shagon yayana a Magarya. Shagon ɗaukar bidiyo ne. Biki, suna, walima, duk inda aka tara jama'a aka dafa shinkafa, muna can. Yaya ne mai kyamara kuma mai shago, ni kuma nake montaj, wato yankewa da haɗawa.

Ordinata uku gare mu. Babbar tana ƙuryar shago, cikinta ake zuba duk abin da aka ɗauko. Tawa tana kusa da ƙofa. Sai wata tsohuwa da muke hoton katin shaida da ita, wadda Yaya ya raina har ƙura ba ya goge mata. Wayoyinsu duka sun haɗu a wani ɗan akwati da ake kira suwic, na hannu, wanda Yaya ya sayo a Babura yana ta yabon arharsa.

Wata safiya, bayan na yi kwana biyu wurin biki a Waca, na zauna zan jawo bidiyo daga babbar zuwa tawa, sai abu ya ƙi. Sunayen bidiyon duk suna fitowa, ƙananan hotuna suna wucewa lafiya. Amma da na taɓa babban bidiyo, sai ya ɗan motsa ya tsaya. Ordinatar ta ce in jira awa, ta sake tunani ta ce in jira kwana, daga baya ta daina alkawari.

Mai bidiyon kuwa yana zaune a bayana. Ɗan kokawa ne daga Yekuwa, ƙato, shi kaɗai ya cinye bencin da mutum uku suke zama. Yaya ya ɗauki wasansu na kaka, inda ya kayar da mutum biyu, na uku ya ɗaga shi sama ya ajiye.

"Malam, wurin da ƙafata ta zame za ka cire," in ji shi.

Na riga na ga wasan a kyamara. Lokacin da abin ya faru ƙafarsa ba ta kusa da ƙasa balle ta zame. Na ce to.

Na canza waya. Na kashe komai na kunna. Na nemi birus ban samu ba. Na hura ramukan suwic, abin da a makaranta aka hana mu, kuma kowa yake yi. Yaya yana tsaye a kaina yana raba laifi: zafi ne, kuran ɗin lantarki ne, ni ne da na taɓa abin da ban sani ba. Ɗan kokawa kuwa nasa ra'ayin daban.

"Aikin wancan yaron na uku ne. Tun a fili na ji jikina ya yi nauyi. Yanzu ya biyo ni cikin injin."

Ya kwance laya daga damtsensa ya ɗora kan babbar ordinata. Ban hana shi ba, don mutumin da hannunsa ya kai cinyata ba a gardamar ilimi da shi.

Wajen azahar, don rashin abin yi, na gwada jawo bidiyon da tsohuwar nan ta hoton kati. Ya taho da gudu. Na zauna ina kallonta. Waya iri ɗaya, suwic ɗaya, amma wadda aka raina tana aiki, masu tsada suna rarrafe. Sai na koma tawa na aika wa babbar ɗan saƙon gwaji, ta amsa. Na ƙara masa girma, na hana a gutsuttsura shi a hanya, shiru. Na buɗe saitin katin rezo, wato abin da ke haɗa ordinata da 'yan'uwanta. Inda ya kamata in ga dubu ɗaya da ɗari biyar, dubu tara na gani. A babbar ma haka.

"Yaya, wa ya taɓa nan?"

Ya duba silin, ya duba titi. Sannan ya ce ai gyara ya yi. Da ba na nan ya kalli wani bature a waya yana bayanin wani abu wai shi jumbo, mai sa rezo gudu, shi ne ya kunna a manyan biyu. Tsohuwar bai ga ta cancanta ba.

Na yi masa bayani. Bidiyo ba ya bin waya a dunƙule, ƙunshi-ƙunshi ake aika shi. Jumbo yana ƙara girman ƙunshin, amma sai duk abin da ke kan hanya ya iya ɗauka. Suwic ɗinmu bai iya ba, in babban ƙunshi ya zo sai ya yar, bai gaya wa kowa ba. Babbar ta sake aikowa, ya sake yarwa. Tsohuwar kuwa ƙanana take nema, ƙanana ake ba ta.

"Yanzu dubu tara da dubu ɗaya da ɗari biyar, wanne ya fi?" in ji Yaya.

"Dubu tara."

"To kai da ka yi karatu, baya za ka mayar da mu?"

"Suwic ɗinka ne ba ya ɗauka."

"Kar ka zagi suwic ɗin nan."

Ɗan kokawa ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fanka. Ya ce cikin ladabi, "Alhaji, mai amalanken da zai mayar da ni gida ba ya wuce la'asar." Yaya ya ce ai dama shawara muke.

Na mayar da lambar yadda take a duka biyun, bidiyo ya wuce kafin in gyara zama. Ɗan kokawa ya ɗauke layarsa, ya dube ni da alamar mu biyu mun san wanda ya yi aikin.

Da muka zo wurin kayen, ya sa na maimaita masa har ya gaji, yana neman zamewar. Bai samu ba. Ya ce in cire, amma in bar kiɗa da ihun da suka biyo baya, in manna su a ƙarshen nasa kayen na biyu. Na ce ai duk Yekuwa suna wurin, sun gani.

"Sau ɗaya suka gani, Malam. Wannan kullum za su gani."

Yaya bai haƙura ba. Bayan Sallah ya je Kano ya dawo da sabon suwic mai ɗaukar jumbo, muka kunna a duka ukun. Na gwada, bambancin sai mai kyakkyawar niyya zai lura da shi. Yaya ya ce shi ya lura. Ya kira mai fenti ya ƙara a allon shago, ƙarƙashin "Bidiyo da Hoto", da jan rubutu: "Akwai Jumbo". Har na bar aikin, ba a rasa macen da za ta leƙo ranar kasuwa tana tambayar dunƙulen miyan nan mai suna Jumbo, Yaya kuma yakan tsayar da ita ya yi mata bayanin rezo.